Tallafin gwamnati kan gurɓatar ruwa: ta wace ƙofa ake shiga, kuma wane aiki ne zai ɗore a Damagaram?

Matasan_Birni:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Muna neman shawarar manya. Akwai wani kududdufi a bayan unguwa, irin ramukan da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini. Ruwan wanka da na wanki na gidaje yana gangarawa ciki ta kwata, masu gyaran babur suna zubar da baƙin mai a bakinsa, mahauta na yanka a kusa, ga leda ta rufe rabinsa. Da rani ruwan ya koma kore, yara na wanka a ciki, dabbobi na sha. Muna jin ana cewa gwamnati da abokan hulɗarta suna ba da tallafin kuɗi ga ayyukan da suka zo da sabuwar dabara ta hana gurɓatar ruwa. Tunaninmu shi ne mu nemi kuɗin sayen na'urar tace ruwa mai aiki da hasken rana mu kafa a bakin kududdufin. Ta wace ƙofa ake shiga? Waɗanne takardu ake nema? Kuma wannan na'ura za ta shiga sahun abin da suke kira sabuwar dabara?

Tsohon_Maaikacin_Ruwa:
Wa alaikumus salam ƴaƴana, Allah ya yi albarka da wannan niyya. Ku fara cire wa ranku cewa akwai taga guda da ake miƙa takarda a karɓo kuɗi. Ƙofofin a warwatse suke. Ta farko ita ce ma'aikatar magajin gari. Kowace ƙaramar hukuma tana da kundin tsarin ci gabanta, PDC, da tsarin zuba jari na shekara. Aikin da bai shiga waɗannan takardu ba da wuya kuɗin gwamnati ya iso gare shi, domin kuɗin da ke bi ta ANFICT, hukumar gwamnati mai ba da kuɗin ayyukan yankuna, ƙananan hukumomi ake ba, ba ƙungiyoyi ba. Tun watan Afrilu na 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, shugabannin riƙo ne ke sa hannu, to ku nemi ganin na gundumarku cikin biyar ɗin da birnin Damagaram ke da su, ku tafi da mai unguwa.

Ta biyu, ofishin jiha na ma'aikatar ruwa da tsafta da na muhalli. Ba lalle su ba ku kuɗi ba, amma su ne ke sanin manyan ayyukan da ke gudana, irin shirin ruwa na PISEN na dala miliyan 400 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021, kuma takardar goyon bayansu tana ƙara wa dosiye nauyi. Ta uku shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, PMF/FEM, wanda ke ba ƙungiyoyi kai tsaye.

Takardu kuwa: takardar amincewar hukuma da ƙungiyarku, dokokin ƙungiya, lambar haraji ta NIF, asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, da rahoton duk wani aiki da kuka taɓa yi komai ƙanƙantarsa.

Dan_Mirya:
Baba, da ɗan gyara. PMF/FEM ba kuɗin baitulmalin ƙasa ba ne, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, PNUD, ke tafiyar da shi, kwamitin ƙasa ne ke tantance dosiye. Kuma suna son su ga abin da ku ma kuka zuba, ko da aikin ƙarfi ne ko yashi da tsakuwa, a ƙiyasta shi da kuɗi a rubuta. Wanda ke na gwamnati sosai shi ne asusun FISAN da aka kafa a 2017, sai dai shi na noma da abinci ne. Tsarin da aka saba gani a can: kashi 40 cikin 100 tallafi, 50 bashin banki, 10 daga aljihun mai aiki. Idan ruwan da kuka tace zai shayar da gandun itatuwa ko ciyawar dabbobi, kuna iya shiga ta nan. Amma a tuna rabin kuɗin bashi ne, sai an biya.

Hajiya_Labo:
Ƙannena, kafin maganar ƙofa, me ke cikin ruwan? Dosiyen da ya ce “ruwan ya ƙazantu ƙwarai” ba tare da lamba ko ɗaya ba, shi ake fara ajiyewa gefe. Ku ɗebi samfur a wuri uku: bakin kwatar da ke shiga, tsakiyar kududdufin, da rijiya mafi kusa da shi. Kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta daga labo ake karɓo ta, an riga an kashe mata ƙwayoyi, kada a ɗauraye ta, kada yatsa ya taɓa bakinta. A nutsa ta kamar santimita 20 ƙarƙashin ruwa, a bar ɗan sarari a sama, a sa cikin kula da ƙanƙara, ta isa labo cikin awa shida. Idan ta kwana a zafin Damagaram, sakamakon ba na ruwanku ba ne kuma.

Abin da za ku nema a auna: pH, wato ma'aunin tsami ko kaifin ruwa, gishirin da ke cikin ruwa, DBO5 da DCO waɗanda ke nuna yawan dattin da ke ruɓewa, nitrat, sinadarin da ke fitowa daga masai da taki, da E. coli, ƙwayar cutar da ke nuna kashi ya shiga ruwa. A ruwan rijiya ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne babu E. coli ko ɗaya a mililita 100, nitrat kada ya wuce miligiram 50 a lita. A yi gwajin sau biyu, ɗaya a Afrilu ko Mayu lokacin da ruwan ya janye datti ya taru, ɗaya bayan ruwan sama na farko da ke wanko duk ƙazantar rani. Ku kuma auna yawan ruwan da ke shiga: bokitin lita 20 da agogo a bakin kwata, da safe, da azahar, da magariba, kwana bakwai a jere. Ku tuntuɓi malaman Jami'ar André Salifou, ɗalibin da ke neman batun kammala karatu zai iya riƙe muku wannan awo, sunan jami'a kuma yana taimakon dosiye.

Injiniya_Lawali:
Hajiya ta gama magana. Ni kan na'urar zan tsaya, kuma ku yi haƙuri, ban goyi bayanta ba. Irin waɗannan na'urori an ƙera su ne don ruwan da ya riga ya yi haske. Ruwan kududdufi mai gansakuka da mai da sabulu yana toshe matatarsu cikin ƴan kwanaki. Baƙin mai idan ya shafi fatar tacewa ba ya wankuwa, sai an sake sabuwa, ita kuma ba a kasuwar Dole ake sayar da ita ba, sai an yi oda daga Yamai ko Kano ko ma waje. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faifan sola idan ba a share shi kullum, famfon yana tsotso yashi da leda ya ƙone. Sannan ko na'urar ta yi aiki lafiya lau, kuna tace lita dubu biyu a gefe guda, kwata na zubo lita dubu ashirin a ɗaya gefen.

Datti tun yana wuri ɗaya yake da arhar kamawa. Jini a wurin yanka, mai a gareji, ruwan wanka a bakin kwata. Da zarar sun haɗu a kududdufi sun gauraya da ruwan sama, kuɗin raba su ya ninka. Ku rubuta aikin da ke tare kowace ƙazanta a inda take fitowa.

Matasan_Birni:
Mun gode Injiniya. Amma idan muka cire na'urar, ina sabon abu? Rami da tsakuwa ai kowa ya sani. Muna tsoron su ce babu ƙirƙira a ciki.

Tsohon_Maaikacin_Ruwa:
Masu tantancewa ba sabon ƙarfe suke nema ba. Suna duba ko an taɓa yin abin a wurin, ko wata unguwa za ta iya kwaikwaya, ko zai ci gaba bayan kuɗin ya ƙare. Aikin da ya mai da jinin mahauta abin sayarwa ya biya albashin mai gadi, a wurinsu ya fi na'urar da za ta tsaya cikin shekara.

Dan_Sarkin_Fawa:
Tunda an ambaci mahauta bari in sa baki. Jini shi ne mafi nauyin abin da ke fita daga wurin yanka. Na saniya ɗaya, lita 10 zuwa 15, dattinsa ya kai na ruwan ƙazantar mutum arba'in zuwa hamsin a yini. Kuma tare shi ba wuya: daɓen siminti mai gangara zuwa kwalbati ƙarami, a ƙarshensa rabin tano. Sharaɗin shi ne a tare jinin kafin a watsa ruwa, a kwashe tumbi da kashi a busashe da shebur, sai daga baya a wanke. Mahauci ya fara da bokitin ruwa, to komai ya tafi.

Jinin a dafa shi a ranar, ana motsawa har ya dunƙule, kamar minti 20 zuwa 30 yana tafasa, a matse a buhu, a shanya a kan daɓe ko kwano a ƙarƙashin raga saboda ƙuda da angulu. Da rani kwana biyu zuwa uku ya bushe. Garinsa ya haura kashi 80 cikin 100 na furotin, masu kiwon kaji da kifi na haɗa shi kaɗan a abinci, masu lambu na sa shi taki. Inda ake samun matsala damina ce: bai bushe sosai ba aka ɗura a buhu, sai ya yi fumfuna ya yi wari. A kasafin ku sa rumfar shanya mai rufi.

Zainabu_Gas:
Abin cikin tumbi da kashin shanu kuma su tafi rijiyar gas, wato rufaffen rami mai kubba inda kashi ke ruɓewa ya ba da gas na girki. Ana dama su da ruwa daidai wa daida, bokiti ɗaya na kashi bokiti ɗaya na ruwa, su zauna kwana 30 zuwa 40 a ciki. Kilo ɗaya na ɗanyen kashin saniya yana ba da kamar lita 35 zuwa 40 na gas, murhu ɗaya kuma yana cin lita 200 zuwa 400 a awa. Kilo 50 a yini ke nan zai ba da wutar awa huɗu ko fiye, wadda za ta dafa jinin da Dan_Sarkin_Fawa ya faɗa ba tare da an sayi itace ba. Abubuwa uku ke kashe ta: yashi da ke shiga da kashin da aka share daga ƙasa ya cika gindin, ruwan jabel ko omo da ke kashe ƙwayoyin da ke yin gas ɗin, da tsagewar kubba idan magini bai yi shafe hawa-hawa ba. Kafin a zuba komai a gwada ta da iska a ga ko tana riƙewa awa 24. Kada a zuba jini da yawa a ciki, yana tsayar da aikin.

Usta_Gareji:
Na mai ya fi duka sauƙi. Baƙin mai yana da masu saye, masu kafinta da masu injin niƙa da masu shafa wa katako saboda gara. A ajiye tano mai murfi da mazurari a kowane gareji, a zo a kwashe duk mako. Na wurin wankin babur da mota kuma akwatin siminti mai ɗaki uku, zurfin mita ɗaya. Ɗakin farko yashi ke kwanta. Tsakanin ɗakuna bututu mai gwiwa da bakinsa ke kallon ƙasa, kamar santimita 30 ƙarƙashin ruwa, don mai ya tsaya a sama ruwa ya wuce ta ƙasa. A kwalfe man duk mako, a kwashe yashin duk wata. Idan mai wanki yana zuba omo da yawa man yana narkewa cikin ruwan ya wuce, to a nan sai an yi magana da su.

Maman_Sani_Zongo:
Wallahi wannan zaure makaranta ne. A ci gaba, muna karantawa.

Majemin_Gado:
Ba a tambaye mu ba amma ruwan majema ma yana cikin abin da ake kuka da shi a garin nan, gara mu faɗa da bakinmu. Jimar gargajiya da bagaruwa ba ta da ƙarfen guba, amma ruwanta baƙi ne mai nauyi, ga ruwan toka ko farar ƙasa na cire gashi, ga na kashin tantabara. Kowanne a ramin sa ya kamata ya tafi. Gashi da tsokar da aka kankare a tace su da raga tun a bakin kwarya. Ruwan bagaruwa da aka gama da shi ana iya ƙara masa sabuwa a sake jiƙa fata, ba sai an zubar kowane zagaye ba. Wanda zai rubuta aikin majema ya zauna da masu sana'ar tukuna. An sha kawo zane daga ofis da bai san sau nawa ake canza ruwa a mako ba.

Hajiya_Labo:
Baba Majemi, a ƙara da gargaɗi ɗaya don rai ne. Masu amfani da hodar cire gashi ta kanti, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ruwanta yana kai pH 12. Idan ya haɗu da ruwa mai tsami yana sakin iskar da ke kashe mutum a cikin rami cikin mintoci, kuma idan ta yi yawa hanci ya daina jin warinta. Kada kowa ya shiga ramin majema ko na masai shi kaɗai, ko ba igiya a ƙugu. Masu jima da sinadarin kurom, fatar da ke fitowa shuɗiya, nasu ruwan a ware shi, a zuba farar ƙasa har pH ya kai 8 zuwa 9, kurom ɗin ya kwanta a ƙasa, a tsiyaye na sama. Laka ɗin ba taki ba ne, kada ya je lambu. Marina masu soda da hodar rini ta zamani su ma ruwansu haka yake da kaifi.

Umman_Aisha:
Ni abin da ke damuna rijiyoyin cikin gida. Kowa ya san halin ruwa a Damagaram, gari ne a kan dutse, ruwan famfo daga nesa ake jawo shi, Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. Idan famfo ya ɗauke da zafi, mutane rijiya da ƴan garuwa suke komawa. Rijiyar da ke mita goma da masai ko da wannan kududdufi fa? Tafasawa ta wadatar? Ba mu manta kwalarar 2021 ba, da ta kama sama da mutum dubu biyar a ƙasar nan, jihar Damagaram na cikin inda ta fi tsanani.

Hajiya_Labo:
Yaya, tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire nitrat, ƙara tattara shi ma take yi tunda ruwa ke tashi ya bar shi. Jabel ma ba ya cire shi. Haɗarinsa ya fi kan jarirai ƴan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara da ruwan, yana hana jininsu ɗaukar iska. Ƙa'ida ita ce mita 30 tsakanin masai da rijiya, gindin ramin kuma ya fi ruwan ƙasa tsayi da mita ɗaya da rabi. Amma a ƙasa mai dutse ruwa ta tsaga yake bi, ba ya tacewa kamar a yashi, mita 30 ɗin ma ba tabbas ba ne.

Na ƙwayoyin cuta: idan ruwan ya yi gurɓi a fara kwantar da shi da alif ko garin ƙwayar zogale, kamar ƙwaya ɗaya a lita, a bari awa ɗaya zuwa biyu, a tsiyaye. Sannan ƙwayar Aquatabs ta miligiram 67 a bidon lita 20, a jira minti 30. Zogale shi kaɗai ba ya wadatarwa, kuma ruwan da aka sa masa kada ya kwana biyu.

Dan_Katsinar_Maradi:
A ƙara sinadarin fuliyo cikin jerin gwajin. Ba duk guba ce mutum ke zubawa ba, wata daga dutsen take. Abin da ya faru a Tibirin Gobir ya isa darasi: ruwan foraj da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980, fuliyonsa ya ninka ƙa'idar miligiram 1.5 a lita sau uku zuwa huɗu, yara da yawa haƙora suka yi ja, ƙafafu suka lanƙwashe. Ruwan garau yake, ba wari ba ɗanɗano.

Akanta_Habu:
Jama'a mun yi nisa, yaran nan kuɗi suka tambaya. Mu dawo kan dosiye. Kasafi layi-layi ake yin sa: buhun siminti nawa, tifar yashi nawa, ƙarfe nawa, ladar magini kwana nawa, kowanne da farashin da aka samo daga ƴan kasuwa uku a rubuce. A tambaya tun farko ko farashin har da harajin TVA na kashi 19 cikin 100, domin nan ake samun giɓin da ba a shirya masa ba. A ware kashi 5 zuwa 10 na abin da ba a zata ba. A sa kuɗin labo na farkon aiki da tsakiya da ƙarshe, saboda da shi za ku nuna cewa DBO ta sauka daga kaza zuwa kaza.

Kuɗin ba ya zuwa gaba ɗaya. Kashi-kashi ne, kuma ba a sakin na biyu sai an kawo rahoto da faktir na na farko. Faktir marar NIF da hatimi ana mayar da shi. Magini da lebura su sa hannu ko dangwale a takardar biya. Kada a ciri kuɗi mai yawa a riƙe a hannu, kada a ɗauki na siminti a biya taro da shi ba tare da izini a rubuce ba. Tsakanin kashi na farko da na biyu ana iya wata biyu ko uku ana jira, to kada ku tsara haƙa rami a Yuni. Ramin da aka bari a buɗe damina ta same shi, sai an sake haƙa shi. Gini daga Nuwamba zuwa Afrilu.

Layin da aka fi mantawa shi ne na bayan aiki: wa zai kwashe laka, wa zai sayi shebur da safar hannu, nawa ne a wata, daga ina. Tallafi ba ya biyan wannan bayan an rufe aikin.

Abdu_Karkada:
Ni ra'ayina daban. Duk wannan wahala ta mece ce? A nemi kuɗin tifa a cike ramin da ƙasa, a huta da sauro da tsargiya da yaran da ke nutsewa duk damina. Fili ya samu, a yi makaranta.

Injiniya_Lawali:
Malam Abdu, damuwarka gaskiya ce, amma ruwan da ramin ke ɗauka ina zai tafi? Ruwan sama a nan wajen milimita 400 ne a shekara, sai dai yana iya sauke 60 ko 80 a dare ɗaya, ƙasa kuma dutse ce ba ta shanyewa. Waɗannan ramuka su ke riƙe shi. Damina ta 2024 da ta rushe tsohon masallacin Birni a farkon Satumba ta nuna mana abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa. Cike kududdufi ba tare da an yi wa ruwan hanya ba, tura shi ne ɗakunan maƙwabta. A kewaye shi da waya, a gyara gaɓar, a hana ƙazanta shiga.

Ga lissafin ruwan kwata. A ce awon bokiti ya ba ku kubik mita 10 a yini. Farko raga ta ƙarfe mai tazarar santimita biyu don leda. Sai tankin kwantarwa mai ɗaki biyu da zai riƙe ruwan yini ɗaya zuwa biyu, wato kubik mita 10 zuwa 20. Sai fadamar tsakuwa: rami mai zurfin santimita 60, gangara kashi ɗaya cikin 100, a shimfiɗa leda mai kauri ko a daɓe da yumɓu, a cika da tsakuwa mai girman santimita ɗaya zuwa biyu, manyan duwatsu a mashiga da mafita. Don ruwan ya yi kwana uku a ciki, tunda sararin da ke tsakanin tsakuwa kamar kashi ɗaya cikin uku ne, kuna buƙatar wajen murabba'in mita 150. A raba shi gida biyu don a iya hutar da ɗaya. Ruwan ya tsaya santimita 5 zuwa 10 ƙarƙashin saman tsakuwa, da haka sauro ba ya samun wurin ƙwai.

Abin da ke kashe ta toshewa. Tsakuwar da masu fasa dutse ke sayarwa tana zuwa da gari, sai an tankaɗe an wanke. Tankin gaba idan ba a kwashe shi duk wata shida zuwa shekara, laka ta wuce ta cike mashiga, ruwa ya hau sama ya yi wari. Kuma lalle a yi wa ruwan sama hanyar kaucewa, in ba haka ba ruwa ɗaya zai binne ta da yashi. Da zafi tana asarar ruwa sosai, milimita 8 zuwa 10 a yini ko fiye, kada ku yi alkawarin lita 10,000 za su fito.

Abdu_Karkada:
Na ji batun ambaliya. Amma sauron kududdufin kansa yana nan, fadamar tsakuwa ba ta taɓa shi ba. Ban gamsu duka ba.

Dan_Gidimuni:
Injiniya bai faɗi abin da za a shuka a kai ba. Don Allah kada a ce kacala. Littattafai suna yabonta, amma ku zo tafkin Gidimuni ku ga yadda take cinye ruwa. Irinta iska ke ɗauka, ta shiga kududdufin ta rufe shi. Jema ta fi, saiwarta na nutsewa, ba ta yaɗuwa haka, ana yanka ta a yi zana ko a ba dabbobi tana ɗanya. Kainuwa tana tsotse datti sosai a buɗaɗɗen tafki amma sai ana kwashe rabi duk mako, in an bari ta ruɓe ta mayar da abin da ta sha. Batun sauron Malam Abdu, a zuba ƴaƴan karfasa idan ruwan ya gyaru, a kuma nome ciyawar gaɓa inda tsutsar ke ɓuya.

Malama_Doka:
Abu biyu da ke tsayar da dosiye bayan an amince da shi. Fili: murabba'in mita 150 ɗin nan na wa ne? A samo takarda daga hukumar filaye ta ƙaramar hukuma ko ma'aikatar magajin gari kafin a miƙa dosiye. Izinin baki na mai unguwa ba ya isa, ranar da aka ga siminti magada za su fito. Na biyu binciken muhalli. Dokar 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018 ta sa a kai bayanin aiki wa hukumar binciken muhalli ta ƙasa, BNEE, ta sa shi a rukuni, daga A zuwa D. Ƙaramin aiki irin wannan ba ya kai babban bincike, amma takardar rukunin ana tambayarta.

Kan tambayar Akanta ta wa zai biya bayan aiki: kundin dokar ruwa na 1 ga Afrilu 2010 ya tanadi cewa mai gurɓatawa shi ke biya. Ku kafa hujja da shi ku rubuta yarjejeniya da mahauta da masu gareji, a gaban mai unguwa da wakilin magajin gari.

Dan_Sarkin_Fawa:
Malama, doka daban kasuwa daban. Mahauci yana biyan haraji a kan kowace dabba tun yanzu. Ka zo masa da sabon kuɗi, gobe ya koma yanka a bayan gida, jinin ya bi kwata inda ba mai gani. Gara a ce masa kawo jini kyauta, ƙungiya ta sayar, ko ma a ba shi wani abu a kan kowane bokiti.

Malama_Doka:
To gidajen da ke sako ruwan wanka fa? Su ba su da abin sayarwa. Ko dala ashirin ce a wata sai an karɓa, in ba haka ba tankin ba mai kwashewa.

Akanta_Habu:
Dala ashirin sefa 100 ke nan. Gida 100 jika goma a wata, jika 120 a shekara. A tambayi masu motar kwasar masai nawa suke karɓa a zuwa ɗaya, a ninka da yawan zuwan da tankin kubik mita 15 zai ci, a ga ko ya kai. Idan bai kai ba, kuɗin baƙin mai da garin jini da jema su cike. Wannan lissafin a sa shi cikin dosiye a shafi guda.

Matasan_Birni:
Allah ya saka da alheri iyayenmu da yayyenmu. Gobe za mu fara awon bokiti. Tambaya ɗaya ga Hajiya: kwatoci uku ne ke shiga ramin, kuɗin labo kuma ba zai ishe mu duka ba. Mu haɗa ruwansu a kwalba ɗaya?

Hajiya_Labo:
Na DBO da DCO kuna iya haɗawa, amma gwargwadon yawan kowace kwata: wadda ke kawo rabin ruwan ta ba da rabin kwalbar. Na ƙwayoyin cuta ba a haɗawa. Idan ɗaya kawai za ku iya biya, ku yi na rijiyar da ake sha. Kwatar da ke fitowa daga wurin yanka kuma a ɗebe ta da sassafe lokacin da ake aiki, in kun je da azahar ruwan wanki kawai za ku samu.